Kalmomin Ingilishi na mugunta da rashin tausayi: wacce ta dace da wane hali?

Rabi, Tahoua

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina aiki a wata ƙaramar ƙungiya da ke tallafa wa mata da yara a nan Tahoua, kuma cikin ayyukan da aka ɗora mini akwai rubuta rahoto zuwa ga abokan hulɗarmu na ƙasashen waje, waɗanda ba sa jin Faransanci, sai Ingilishi. Kamar yawancinmu, na fara Ingilishi a ajin farko na kwaleji, na ci gaba da shi har lise, amma abin da muka koya bai kai ga irin wannan aiki ba. Ga shi kuma kundin sake gina ƙasa na Nijar na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki, don haka ina ganin ba ni kaɗai ce zan riƙa cin karo da wannan matsala ba.

Akwai labarai uku da ya wajaba su shiga rahoton da nake rubutawa. Na farko na wata yarinya ce ƴar shekara goma sha ɗaya da aka kawo aikatau daga ƙauye. Uwar ɗakinta tana dukanta da wayar lantarki, tana hana ta abinci, har wata rana ta ɗora mata cokali mai zafi a cinya, kuma wata maƙwabciya ta ce ta ji matar tana dariya yayin da yarinyar ke kuka. Na biyu na wata uwa ce da ta kai ɗanta wani ɗakin shan magani da tsakar dare yana jijjiga saboda zafin zazzaɓi, ma'aikacin da ke kwana ya ce ta jira gari ya waye, bai ko ɗaga kai daga wayarsa ba. Na uku na wata mata ce da mijinta ya rasu ya bar bashi, mai bashin ya zo da amalanke ana tsakiyar bazara ya kwashe geron da ya rage mata a rumbu. Bai zage ta ba, bai taɓa ta ba, ta roƙe shi ya bar mata ko tiya biyar saboda yara, ya ce haƙƙinsa ne.

A Hausa ba na rasa abin faɗa. Ta farko muguwa ce mai ƙeta, na biyu ba shi da tausayi, na uku kuwa ba shi da imani. A Ingilishi kalma ɗaya tak nake da ita a baki, wato “cruel”, kuma zuciyata ba ta yarda mutanen nan uku su shiga ƙarƙashin kalma ɗaya ba. Ƙamus ya jero mini “callous”, “ruthless”, “heartless”, “brutal”, “merciless”, “vicious”, “inhuman” da “sadistic” kamar duk abu ɗaya ne. Ina roƙon wanda ya san harshen ya rarrabe mini su, don kada in rage wa waɗanda aka cuta nauyin abin da aka yi musu, kada kuma in ɗora wa wani abin da bai aikata ba.

Malam Sani, Yamai

Wa alaikumus salam, ɗiyata Rabi. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan aiki. Na daɗe ina koyar da Ingilishi kafin in huta, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne zuciyarki ta gaya miki gaskiya: kalmomin nan ba ɗaya ba ne. Abin da ya raba su ba girman ciwon da aka ji ba ne, a'a, abin da ke cikin zuciyar wanda ya aikata ne. Akwai wanda yake neman ciwon wani don kansa, akwai wanda ciwon wani bai dame shi ba, akwai kuma wanda yake da wata manufa, duk wanda ya tare masa hanya sai ya bi ta kansa. Mutanenki uku sun faɗa cikin waɗannan gidaje uku.

“Cruel” ita ce uwa, ta fi sauran faɗi. Ta shiga Ingilishi daga tsohon Faransanci, cikin ɗimbin kalmomin da suka shiga bayan Normandawa masu jin Faransanci sun ci Ingila da yaƙi a 1066, kuma asalinta na Latin yana da dangantaka da kalmar ɗanye, kamar ɗanyen nama mai jini. Ana faɗin ta ga wanda ya cutar da wani da gangan, yana sane da cewa yana cutarwa. Uwar ɗakin yarinyar nan “cruel” ce ba tare da wani kokwanto ba, domin ba a ɗora cokali a wuta a kai shi jikin yaro bisa kuskure. Dukan da wayar lantarki za ki iya kiran sa “brutal” ko “vicious”, saboda waɗannan biyun sun fi karkata ga ƙarfin duka da ɓarnar da ya yi a jiki. “Brutal” ƴar'uwar “brute” ce, wato dabba marar hankali, don haka ta yi kusa da abin da muke kira dabbanci. Ita kuwa “sadistic” ta fi duka nauyi a wannan gida, domin ma'anarta mutum yana jin daɗin azabar wani. An samo ta daga sunan wani basaraken Faransa, Marquis de Sade, wanda ya rayu daga 1740 zuwa 1814, aka san shi da rubuce-rubucen jin daɗi ta hanyar azabtarwa. Dariyar da maƙwabciya ta ce ta ji ita ce kaɗai abin da zai halatta miki wannan kalma, kuma ni da ni ne, ba zan dogara da bakin mutum ɗaya in rubuta ta ba.

Ma'aikacin ɗakin shan magani kuwa “callous” ne, kuma wannan ita ce kalmar da nake so ki riƙe da kyau, domin ita ce ɗalibanmu suka fi jahilta alhali ita ce aka fi bukata. Asalinta kanta ce, irin wadda ke fitowa a tafin hannun mace mai daka kullum, har fatar ta daina jin zafin taɓarya. Mutumin da ake kira “callous” bai nemi cutar da kowa ba, bai kuma ji daɗin ciwon kowa ba, zuciyarsa ce ta yi kanta, kukan uwa ya shiga kunnensa bai isa cikinsa ba. Mu ma mun san wannan hali, shi ne ƙeƙashewar zuciya, kuma Alƙur'ani ya ambace shi a aya ta 74 ta Suratul Baƙara, inda aka ce zukata sun ƙeƙashe sun zama kamar duwatsu ko ma fiye. “Heartless” tana kusa da ita, amma kalmar hira ce da ɓacin rai, irin wadda uwar yaron za ta faɗa tana hawaye. A rahoton ofis “callous” ta fi zama daram. Akwai kuma “indifferent”, wadda ta fi sauƙi, daidai da halin ko-in-kula.

Mai bashi shi ne “ruthless”. A tsohon Ingilishi akwai kalmar “ruth” mai nufin tausayi, wadda kusan ta mutu a bakin mutane, aka bar kishiyarta “ruthless”, wato marar tausayi, tana yawo. “Ruthless” shi ne wanda ya sa abu a gaba, ba sani ba sabo, kuma ciwon mutane a wurinsa kuɗin hanya ne kawai. Sai dai ki yi hattara, domin masu harshen sukan faɗe ta da sigar yabo ga ɗan kasuwa ko ɗan ƙwallo da ba ya sassauci, don haka wani mai karatu zai iya ɗaukar mutumin a matsayin mai tsare dukiyarsa kawai. Tun da kin ce matar ta roƙe shi ya ƙi, “merciless” ta fi kama shi. “Mercy” jinƙai ne na wanda yake da iko, alƙali ko sarki ko wanda ya yi nasara, wanda da ya so da ya sassauta. “Merciless” tana nuna cewa ƙofar sassauci a buɗe take a gabansa, shi ne ya ƙi shiga. Wannan ya yi daidai da abin da muke nufi in mun ce mutum ba shi da imani. Amma kada ki juya wannan magana tamu kai tsaye ki rubuta “faithless”, domin a wurinsu wannan maci amana ne, musamman a aure.

Tun da da Faransanci muka yi karatu, akwai tarkuna da suka fi kama mu. A Faransanci in an ce mutum “insensible” ne, ana nufin ba ya jin tausayi, amma a Ingilishi wannan rubutun ya fi nufin wanda ya suma. In kin rubuta cewa ma'aikacin “insensible” ne, mai karatu zai zaci shi ne ya faɗi ba yaron ba. Abin da kike nema shi ne “insensitive” ko “unfeeling”. Haka “brutal” ta Faransanci takan nufi abin da ya zo ba zato, kamar mutuwar farat ɗaya, alhali ta Ingilishi tana ɗauke da duka da jini. “Vicieux” ta Faransanci ta karkata ga lalata da fasiƙanci, “vicious” ta Ingilishi kuwa ga cizo da sara. “Rude” a Faransanci tsanani ne, a Ingilishi rashin ladabi ne kawai. Na ƙarshe, “sang-froid” a Faransanci natsuwa ce abin yabo, amma “cold-blooded” a Ingilishi sifar mai kisan gilla ce, wanda ya shirya ya kashe ba cikin fushi ba.

Aminu, Yamai

Na gaishe ki, Malama Rabi, na kuma gaida Baba Malam Sani, wanda bayaninsa ya wadatar ta fuskar harshe. Ni aikina shari'a ne, kuma ina so in ƙara wani abu da ya shafi inda takardarki za ta je. Waɗanda za su karanta rahoton nan ma'aikatan ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam ne, kuma a kunnensu wasu daga cikin kalmomin nan suna da ma'anar doka wadda ta fi ta ƙamus ƙunci.

Jerin nan na “cruel, inhuman or degrading” ba ado ba ne. Yana cikin sashe na 5 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam ta Duniya da aka amince da ita a ranar 10 ga Disamba 1948, yana cikin sashe na 5 na Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi ta 1981, kuma yana cikin sunan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa ta 1984, wadda Nijar ta shiga a 1998. Tushensa ya fi haka nisa, domin dokar haƙƙoƙi ta Ingila ta 1689 ta hana hukunci mai “cruel and unusual”, Amurka kuma ta kwashe wannan lafazi ta sa cikin gyara na takwas na kundin tsarin mulkinta a 1791. Saboda haka in kin haɗa kalmomin nan uku a jimla ɗaya, mai karatu zai ɗauka kina zargin an keta wata yarjejeniya ce, zai kuma nemi hujja a kan haka.

Kalmar da na fi jiye miki ita ce “torture”. A hira kowa zai ce abin da aka yi wa yarinyar nan azabtarwa ne, kuma ni ma haka zan ce. Amma sashe na farko na yarjejeniyar 1984 ya ɗaure kalmar da sharuɗɗa: ciwon ya zama mai tsanani, a yi shi da gangan, da wata manufa kamar tatsar bayani ko horo ko tsoratarwa, kuma ya zama jami'in hukuma ne ya yi, ko da umarninsa, ko da yardarsa. Uwar ɗaki a gidanta ba jami'ar hukuma ba ce. Don ki ga yadda kotuna ke auna kalmar, a 1978 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta duba ƙarar da Ayalan ta kai Birtaniya a kan abin da aka yi wa tsararru a Ayalan ta Arewa. An tsayar da su sa'o'i suna dafe da bango, an rufe musu kai da buhu, an cika musu kunne da ƙara, an hana su barci, an kuma rage musu ci da sha. Kotun ta ce wannan “inhuman and degrading” ne amma bai kai “torture” ba. Mutane da yawa ba su gamsu da hukuncin ba, ni ma ban gamsu ba, amma ya nuna miki cewa a wannan fage kalma ɗaya tana sauya sakamako. Ga labarin yarinyar, kalmomin aiki su ne “abuse” da “ill-treatment”, daidai da “maltraitance” da muka sani. Hana ta abinci kuma “neglect” ne ko “deprivation”.

Ki kuma lura da “inhuman” da “inhumane”, waɗanda harafi ɗaya ya raba. Ta farko tana cewa aikin ya fita daga ɗabi'ar ɗan Adam gaba ɗaya. Ta biyu tana cewa an rasa jinƙai wajen riƙon wanda ke hannunka, shi ya sa ake yawan faɗin ta ga halin gidan kaso, ko yadda ake loda dabbobi a mota. Ita kanta “cruelty” a dokokin Ingila ta daɗe tana tafiya da dabbobi da yara: an kafa ƙungiyar hana zaluntar dabbobi a Landan a 1824, kuma dokar yara ta 1933 ta sa sakaci da yaro cikin laifin da ta kira “cruelty”. Wato a can, wanda ya bar yaro da yunwa yana iya shiga ƙarƙashin kalmar ko da bai ɗaga masa hannu ba.

Muna da misali a yankinku na yadda kiran abu da sunansa ke da amfani. Hadijatou Mani, wadda aka sayar a 1996 tana da shekara goma sha biyu, ta kai ƙara kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda ta zauna a nan Yamai ta yanke hukunci a ranar 27 ga Oktoba 2008. Wanda ya saye ta cewa yake matarsa ce. Kotun ta ce bauta ce, ta ce hukuma ta gaza kare ta, ta kuma yanke a biya ta diyyar miliyan 10 na sefa. Abin da ya ci shari'ar shi ne sunan laifi guda da aka tabbatar da hujja, wanda dokar Nijar ta 2003 ta riga ta haramta.

Shawarata ita ce ki sifanta aikin, ki bar mutumin. Rubuta cewa an yi wa yarinyar “cruel treatment” ya fi aminci a kan rubuta cewa wance “cruel woman” ce, domin na farko kina da tabon cinya da takardar likita, na biyu kuwa hukunci ne a kan halin mutum, kuma yana iya jawo wa ƙungiyarku ƙarar ɓata suna.

Malam Ada, ɗan Konni mazaunin Yamai

Salamu alaikum. Ƙanwata Rabi, ba ki ambaci “savage” da “barbaric” ba, amma na tabbata ƙamus ɗinki zai kawo miki su, kuma ina roƙonki don Allah kada ki sa su a takardar da za ta fita ƙasar waje a kan mutanenmu. “Savage” asalinta daga kalmar daji ta Latin ne, wato mutumin daji. “Barbaric” kuwa daga Girkawa ne, waɗanda ke kiran duk wanda ba ya jin harshensu da wannan suna. Duka biyun, tun daga tushe, suna cewa mugunta halin baƙo ne da wanda bai waye ba. Da su aka yi ta sifanta kakanninmu a takardun Turawa, a Faransanci da Ingilishi, don a halatta mamaye ƙasa.

Mu mutanen Konni muna da dalilin jin zafin wannan. A 1899 rundunar hafsoshin Faransa biyu, Voulet da Chanoine, ta ratso ƙasar nan da nufin isa tafkin Chadi. Ta yi yaƙi da Sarauniya a Lugu a watan Afrilu, ta auka wa Birnin Konni a watan Mayu ta karkashe jama'a, ta bi garuruwa tana ƙonawa tana rataye mutane. Da labarin ya kai Faransa aka aiko Kanar Klobb ya tsayar da su, Voulet ya sa aka harbe shi a ranar 14 ga Yuli, kafin sojojinsu su juya su kashe su biyun bayan ƴan kwanaki. Waɗanda suka yi wannan sun fito daga makarantun soja na ƙasar da ke kiran kanta mai kawo wayewa. Kalmomin Ingilishi da suka dace da aikinsu su ne “massacre” da “atrocity”, wato kisan kiyashi da ta'asa, kuma kyawunsu shi ne suna faɗin abin da aka yi ba tare da sun jingina shi ga wata ƙabila ko launin fata ba.

In kin rubuta cewa matar nan ta yi wa yarinya “barbaric” aiki, wani mai karatu a can ba zai ga mace ɗaya mai laifi ba, zai ga al'adar mutanen Tahoua. Alhali maƙwabtan da suka kai ƙara su ma mutanen Tahoua ne, ke da kika ɗauki maganar ma haka.

Wani ƙaramin abu kuma. Mu da muke shiga Illela da Sakkwato mun saba jin ƴan'uwanmu na Najeriya suna cewa mutum “wicked” ne in ba shi da tausayi, har malami mai yawan bulala haka ɗalibai ke kiran sa. A Ingilishin Najeriya wannan daidai ne, kowa zai gane. Amma in takardar Ingila za ta je, kalmar tana da ƙamshin wa'azi da tatsuniya, matasansu ma sukan faɗe ta da nufin abu ya yi kyau ƙwarai.

Rabi, Tahoua

Na gode ƙwarai, Baba Malam Sani, Yaya Aminu da Yaya Ada. Allah ya ƙara basira. Na cire “torture” daga labarin yarinyar na sa “severe physical abuse”, na kuma jera abin da aka yi mata ɗaya bayan ɗaya kamar yadda takardar likita ta nuna. Dariyar na rubuta ta a matsayin abin da maƙwabciya ta ce ta ji, ban ƙara mata sifa ba. Ga mai bashi na sa “merciless” a kan ƙin da ya yi na sauraron roƙon matar. Saura ma'aikacin ɗakin shan magani, inda na rubuta cewa ya nuna “callous indifference” ga yaron. Shin haɗa kalmomin biyu ya yi, ko ya yi yawa?

Hajiya Mariama, Yamai

Ɗiyata Rabi, sannu da ƙoƙari. Ni ungozoma ce, na yi aiki a karkara kafin in dawo Yamai, kuma kafin Malam ya amsa miki ta fuskar nahawu ina so ki saurare ni ta fuskar aikin. Ba na kare mutumin nan. Yaron da ke jijjiga ba a ce masa ya jira safe, ko ɗalibin shekarar farko ya san haka, kuma ko ba magani a ɗakin, akwai kwantar da yaro ta gefe, da rage masa zafin jiki, da rubuta takardar tura shi babban asibiti. Wanda bai yi ko ɗaya cikin waɗannan ba ya yi laifi, kuma ya kamata a rubuta.

Amma Malam Sani ya ce “callous” magana ce a kan zuciya, kuma a nan nake so ki tsaya. Kin ga zuciyarsa? Abin da uwar ta gani shi ne mutum yana kallon waya. Na san ɗakunan shan magani da ma'aikaci ɗaya ke riƙe da su dare da rana. Tun 2006 aka ce kula da yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, abu mai kyau wanda ya ceci rayuka, amma duk wanda ya yi aikin ya san yadda kuɗin da ya kamata a mayar wa ɗakunan ke makara, har kantar magani ta zama wayam, ma'aikaci ya wayi gari yana kallon iyaye ba shi da abin ba su. Masu Ingilishi suna da suna ga abin da ke samun irin wannan ma'aikaci, suna ce masa “compassion fatigue”, wato tausayi ya gaji don yawan abin da ido ya gani. Ban ce shi ne abin da ya sami wannan mutum ba, wataƙila shi tun asali haka yake. Amma in kin rubuta “callous”, masu karatu za su ce a kori mutum ɗaya magana ta ƙare. In kuwa kin rubuta cewa an ƙi duba yaro mai jijjiga daga tsakar dare zuwa safe, za su tambayi ma'aikata nawa ne a wurin, me ke cikin kantar magani, wa ke duba aikin dare. Ina ganin waɗannan tambayoyi sun fi amfani ga yaron da za a kawo gobe.

Malam Sani, Yamai

Ɗiyata Rabi, ta fuskar harshe “callous indifference” daidai ne, haɗi ne da masu harshen suka saba da shi, kamar “callous disregard”, kuma ba wanda zai ce ya yi yawa. Hajiya kuma ta kawo magana mai nauyi, na karɓi rabinta. Inda na saɓa mata shi ne kanta ba ta tambayar dalilin fitowarta. Ko gajiya ce ta kawo ta ko mugun hali, uwar da ta tsaya da ɗa a hannu abu ɗaya ta tarar, kuma kalmar ba ta ce mutumin haka aka haife shi ba, ta ce dai a wannan dare bai ji ba. Ina tsoron in muka bi hanyar neman uzuri ga kowane ma'aikaci, za mu wayi gari ba mu da kalmar da za mu faɗa wa matar nan cewa an cuce ta.

Duk da haka, tun da shaidarki bakin uwar ce kaɗai, ba ki kuma ji daga ma'aikacin ba, ga yadda zan tsara. Ki fara da abin da ya faru da lokacinsa, ki yi amfani da “refused to examine” in uwar ta ce ya furta ƙin, ko “failed to examine” in bai furta ba, domin ta farko ƙi ce da baki, ta biyu kuwa rashin yin abin da ya wajaba ne. Sannan ki kira shi “neglect”. Kada ki sa “negligence” sai Aminu ya duba miki, domin ita kalmar kotu ce mai jawo maganar diyya, ko da yake Faransanci ya haɗa su biyun a kalma ɗaya. In kina son “callous” ta fito, ki sa ta a bakin mai ita, ki ce uwar ta bayyana abin da aka yi mata da cewa “callous” ne, ki kuma kawo maganarta ta Hausa yadda ta faɗe ta. Bayan haka ki ƙara sakin layi a kan yawan ma'aikatan wurin da halin kantar maganinsu, in kin je kin gani da idonki, kamar yadda Hajiya ta nema.